Kallon Inna

Masu iya magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Da wannan karin magana na tashi, domin malamanmu na firamare sun sha jefa mana ita in sun ga muna rubutu muna surutu. Amma duk sa'ad da na ji ta sai mahaifiyata ta faɗo mini a rai, saboda shekara talatin da 'yan kai na yi ina ganinta tana tauna taura biyu, wani lokaci ma uku, a gaban akwatin talabijin, ban kuwa taɓa ganin haƙorinta ya karye ba. Labarin wannan kallo nata nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai da malamaina, don na daɗe ina yi masa gurguwar fahimta, sai bayan da ƙasa ta rufe mata ido na gane abin da ke cikinsa.

A cikin birnin Kano aka haife ni, a wani lungu da ke tsakanin Kasuwar Kurmi da Dutsen Dala, irin lungun nan da in ɗan garuwa ya shigo da ruwa sai wanda ya taho ya manne da bango ya ba shi hanya. Gidanmu ginin ƙasa ne na kaka da kakanni, zaure biyu, sa'an nan tsakar gida mai rijiya, da ɗakuna huɗu, da rumfa a ƙofar ɗakin mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna. Babanmu baduku ne, yana da 'yar rumfarsa a Kurmi. Inna kuwa koko da ƙosai take yi na safe, tana kuma ɗinkin hula. Ba ta fita sai da babban dalili, kamar biki ko suna ko gaisuwar mutuwa, shi ma galibi sai bayan magariba. Mu yara mu ne ƙafafunta, mu ke kai markaɗe, mu ke sayo wake da zare, mu ke ɗaukar talla. Wata Ba'amurkiya mai nazarin zaman jama'a, Enid Schildkrout, ta yi bincike a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal cikin shekarun 1970, ta bayyana yadda matan kulle ke juya dukiya ta hannun yara ba tare da sun taka ƙofar gida ba. Ran da na karanta aikinta a jami'a sai na ce, ashe labarin gidanmu ne aka rubuta da Turanci.

Kafin talabijin, kallo na maza ne. Majigi a fili ake yi, sinima kuwa sunanta ya riga ya ɓaci a bakin dattawa, balle bayan gobarar sinimar El Duniya ta 1951 wadda ta ci ran mutum 331. Macen da ta san darajar aurenta ba ta kusantar wurin. An buɗe gidan talabijin na farko a Arewa a Kaduna cikin 1962, zamanin Sardauna, amma akwatin bai yawaita a hannun jama'a ba sai da kuɗin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata a 1975. A 1977 aka kafa hukumar NTA ta haɗe tashoshin ƙasa, daga baya gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa wa Kano tata tashar, CTV 67, wadda aka sake wa suna ta koma ARTV bayan rasuwarsa. To, ta haka kallo ya tsallake zaure ya shigo tsakar gida. Sai dai fa da ya shigo bai tarar da matan gida a zaune ba, ya tarar da kowace hannunta cike da aiki.

Namu akwatin ya zo a 1984, ina shekara goma sha ɗaya. Shekarar ba ta fara mana da daɗi ba. Yayanmu, wanda shi ne ɗan fari, yana da sha biyar a lokacin, ya koyi fitar dare. Da farko leƙen talabijin yake zuwa yi ta tagar gidajen masu hali, daga nan ya soma bin wasu samari zuwa wani gidan sinima a bayan ganuwa. Ran nan cikin dare aka kawo shi jina-jina, faɗan 'yan daba ya rutsa da shi an sare shi a ka. Baba ya yi faɗa kamar zai ari baki. Inna kuwa ko ɗaga kai ba ta yi ba, iyaka ta ce da ni, “Ki ɗora ruwan zafi a kai wa yaron nan.” Kowa ya san al'adarmu ta kunyar ɗan fari: uwa ba ta kama sunansa, ba ta jansa a jiki, ba ta sa baki a maganarsa a gaban mutane. Ni a ƙuruciyata sai na ɗauka Inna ba ta damu da Yaya ba ne kawai.

Bayan kamar wata uku, wata ranar Alhamis da la'asar, sai ga Baba ya shigo, ɗan dako na biye da shi ɗauke da ƙaton kwali a ka. Talabijin ne ƙirar National, mai baƙi da fari. Kai, ranar nan lungunmu ya ga taro! Aka ɗaura eriya a dogon gora aka kafa a kan soro, wani yana sama yana juyawa, mu muna ƙasa muna ihu, “Ya yi! A'a, ya tafi! Dawo da shi kaɗan!” Maƙwabta suka yi ta shigowa suna yi wa Baba barka, suna cewa lalle kasuwar fata ta yi albarka bana. Shi kuwa sai murmushi yake yi yana sunkuyar da kai. Aka aza akwatin a kan tebur cikin rumfar Inna, fuskarsa na duban tsakar gida, Inna ta ɗinka masa mayafi mai ado wanda ake lulluɓa masa da rana.

A zamanin nan ba a wuni ana kallo kamar yau. Sai yamma tashar ke buɗewa, wajen tsakar dare kuma a yi taken ƙasa a rufe. Da an idar da sallar isha'i yaran lungu za su cika gidanmu, kuɗin shiga kuwa shi ne kowa ya wanke ƙafarsa a bakin rijiya. Ƙanana a gaba, manya a baya. Yaya yana da wurinsa da ba mai zama, jikin ginshiƙin rumfa ta hannun dama. Inna kuwa can baya take, a ƙofar madafi, kan kujera 'yar tsugunno, inda ba a ganin allon sai a karkace. Na sha ce mata ta matso tsakiya, sai ta ce nan ya fi mata kusa da tukunya.

Bari in lissafa muku abin da hannun Inna ke yi tsakanin isha'i da rufe tasha. Za ta tsince waken ƙosan gobe a faifai, ta fitar da tsakuwa da mai ƙwari. Za ta wanke geron koko ta jiƙa. Za ta ɓare albasa, ta cire hancin attaruhu, ta daka citta da kanumfari a ɗan turmi, a hankali don kada ta dami masu kallo. In ta gama wannan sai ta jawo hula ta ci gaba da ɗinki. Wata rana tsifar kaina ce, wata rana ninkin wanki, wata rana gugar kayan makarantarmu da dutsen guga na gawayi. Cikin duk wannan, ɗaga kai take yi jifa-jifa, kamar ƙiftawar ido, ta mai da shi kan aikinta.

Abin mamaki, duk gidan ba wanda ya kai ta sanin abin da ake ciki. In ana wasan Kuliya Manta Sabo, tun alƙali bai yanke hukunci ba Inna ta yanke nata. Sai ka ji ta daga baya, idonta a kan wake, tana cewa, “Wannan ƙarya yake yi, ku ji yadda yake haɗiye magana.” In an je ƙarshe kuwa sai a tarar haka ne. In Samanja ya shigo, watau marigayi Usman Baba Pategi wanda ya rasu a 2023, tun daga takun takalminsa ta san yau da wa zai yi. Muryar marigayi Ƙasimu Yero kuwa, ko a Karambana ko a Magana Jari Ce, tana cikin madafi za ta gane ta. Fim ɗin Indiya ma bai gagare ta ba, alhali ko kalma ɗaya ta harshensu ba ta ji. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirga fina-finan Indiya sama da 1,000 da tashar NTA Kano ta nuna daga 1977 zuwa 2003, ina jin kaɗan ne daga cikin waɗanda aka nuna bayan zuwan akwatinmu suka wuce kunnen Inna. Da kiɗa ya canza sai ta ce, “To, ga mugun nan ya shigo.” In sarewa ta yi sanyi ta ce, “Allah sarki, uwar ce za ta mutu.” Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wurin Inna ji ne ke gaba, gani na biye.

In abu ya shige mata duhu, ni ce idonta. “Ke, wa ya mari wa?” Sai in faɗa mata. “Wane irin zane ta ɗaura?” In bayyana mata. In kuwa aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, yara su sa ihu su watse, Inna sai ta kunna fitilar ƙwai ta ci gaba da aikinta, tana ƙarasa mana labarin da ka yadda take zaton zai ƙare. A irin wannan dare, da Yaya ya miƙe ya nufi zaure sai ta ce da ni, “Ki ce da yaron nan ya zo ya riƙe mini fitila, ba na ganin ramin allura.” Haka zai zauna yana riƙe da fitila yana ƙunƙuni har barci ya kama shi.

Ni ma na gwada irin kallon Inna, na sha kunya. Wata ranar Lahadi ta bar mini tukunyar wake a kan risho ta ce in kula, za ta yi wanka. Ana nuna wani fim ɗin Indiya, jarumin ya rutsa bos a kan gada. Na ce a raina ai abin da Inna ke yi kullum ne, ido ɗaya nan, ɗaya can. Ban farga ba sai jin muryarta na yi daga banɗaki, “Ke, wakena!” Ita da ke bayan bango ta ji ƙauri, ni da ke zaune kusa da tukunya ban ji ba. Da ta fito ba ta dake ni ba. Ta kankare ƙanzon tana cewa, “Ba haka ake yi ba. Hannu a aiki, kunne a akwati, hanci a tukunya.” Na ce, “To, Inna, ido fa?” Sai ta ce, “Tashi ki ɗebo ruwa.”

Da na girma na shiga Jami'ar Bayero a 1993, na ci karo da abubuwan da suka ba ni haske a kan wannan al'amari. Na farko, ashe tun asali an san da irin su Inna. A Amurka cikin shekarun 1930, kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble su ne suka riƙa ɗaukar nauyin wasannin rediyo masu dogon zango da ake sawa da rana, don matan aure su saurara suna aikin gida, shi ya sa har yau Turawa ke kiran irin waɗannan wasanni da sunan sabulu. An gina su da maimaici da yawan magana, yadda ko mace ta tashi ta duba tukunya ta dawo, zaren labari bai tsinke mata ba. Wasanninmu na Hausa na farko su ma daga rediyo da dandamali suka taso, ƙarfinsu a baki yake, saboda haka mai kunne bai yi asarar kome ba.

Na biyu, masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna auna yadda hankali ke rabuwa. Cikin 1953 wani masani, Colin Cherry, ya riƙa sa wa mutane magana biyu daban, ɗaya a kowane kunne, ya ga mutum yana iya bin ɗaya ne kurum, ɗayar kuwa da ƙyar ya san abin da aka faɗa. A 1959 Neville Moray ya nuna cewa duk da haka, in aka ambaci sunan mutum a kunnen da ya yi watsi da shi, sau da yawa yakan ji. Watau hankali ƙofa ɗaya yake buɗewa, amma yana da mai gadi a sauran ƙofofin, wanda ke tashinsa in abin da ya shafe shi ya zo. To, ka ji sirrin Inna. Tsintar wake da ɗinkin hula hannunta ya riga ya haddace su tun tana yarinya, ba sa neman tunani, saboda haka hankalinta ya sami sarari. Ƙaurin tukunya da kukan jariri kuwa mai gadin nan ne ke kawo mata labarinsu. Ni da ban haddace kome ba, na ba fim hankalina duka, wake ya ƙone. Ashe karin maganar ba ta yi ƙarya ba: taura biyu ba ta taunuwa, sai in ɗayar ta riga ta yi laushi a baki.

Amma ilmin jami'a ya zo mini da wani abu kuma, watau fushi. Na tuna tun ina ƙarama nake tambayar kaina, don me ƙannena maza za su miƙe ƙafa su yi kallo da ido biyu, ni kuwa sai an aza mini tire a cinya? Don me Baba in ya shigo jin labarun ƙarfe tara za a shimfiɗa masa buzu, kowa ya yi tsit, amma matar da ta fi kowa gajiya a gidan ba ta da ko rabin sa'a da za ta zauna hannu sake? Wani hutu na dawo gida cike da wannan magana, na ƙwace faifan daga hannunta na ce, “Inna, yau dai sai kin zauna kin yi kallo kamar kowa. Wannan ai bauta ce.” Ta dube ni ta yi dariya ta ce, “'Yar boko ke nan. In na zauna, uban wa zai tsince waken? Kuɗin rajistarki daga cikin faifan nan ya fito.” Jikina ya yi sanyi na mayar mata. Har yau ina nan a kan cewa rabon aikin gidanmu ba a yi shi bisa adalci ba, kuma ban zo nan don in yi wa wahalar mata kwalliya ba. Kuskurena shi ne na zaci abin da Inna ta rasa kawai nake gani, ban san akwai abin da take samu ba.

Zamani ya yi ta juyawa. Bidiyo ya shigo, aka yi Turmin Danya a 1990, fina-finan Hausa suka cika gari. Akwatin National ya mutu, aka sayi mai kala, shi ma ya mutu aka sayi wani. Muka yi aure muka watse, Baba ya rasu, Yaya ya gaji rumfarsa a Kurmi, ya zama magidanci mai 'ya'ya, yana zaune da Inna a gidan. Kujera 'yar tsugunno dai tana nan a ƙofar madafi. A 2016 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Inna, hannunta na dama ya daina aiki. Muka haɗa kuɗi muka sayo mata ƙaton talabijin na bango, muka kafa a ɗakinta daidai saitin gado, muka kamo mata Arewa24 inda ake nuna Daɗin Kowa. Na ce a zuciyata, to, yau dai Inna za ta yi kallo da ido biyu, ko da yake ba ta hanyar da na so ba.

Kwana uku ta ce a kashe. Na tambaye ta ko wasan ne bai yi mata ba. Ta ce, “Wasan ba laifi. Zaman ne ba daɗi. Mutum ya zuba wa bango ido kamar mai jiran gawa.” Rannan da na zo duba ta sai ta ce in ɗebo mata wake a faifai. Na ce ai an daina ƙosai, me za a yi da shi? Ta ce in dai kawo. Na aza mata a cinya, ta sa hannun hagu tana tsinta ɗaya-ɗaya, da ƙyar, rabi na zubewa a gado. Ta ce a kunna. Ba a yi minti goma ba na ji ta yi dariya, irin dariyar da na sani tun ina yarinya, ta ce, “Wannan matar munafuka ce, ku ji muryarta.” Daga ranar kullum sai an ba ta faifanta, in ta gama a juye waken a mayar cikin buhu, gobe a sake ɗebo mata shi. Ta kuma sa aka bar ƙofar ɗakin a buɗe, don ta riƙa hango tsakar gida.

Allah ya yi mata rasuwa a 2019. Ranar sadakar bakwai, bayan baƙi sun ragu, muna zaune a rumfa da Goggo, ƙanwar Babanmu, tsohuwa tukuf, sai hira ta kai mu kan tsohon akwatin National. Yaya ya ce Allah ya ji ƙan Baba, ya yi ƙoƙari da ya saya mana shi a wancan lokaci. Goggo ta dube shi ta ce, “Wane Baban? Yayana ina ya ga kuɗin talabijin? Uwarku ce. Kwasar adashinta ta shekara ta haɗa da tasoshin jerenta na aure, ni na kai su kasuwa da hannuna. Ta ce in ba Yaya kuɗin ya sayo, kada kowa ya ji, don kada a ce ta yi rashin kunya a kan ɗan fari. Tun daren da aka sare ka ba ta ƙara barcin kirki ba. Ta ce in kallo ne ke fitar da kai, to, za ta kawo maka kallon gida.”

Muka yi shiru. Yaya, da furfurarsa da kome, ya tashi ya shiga zaure, muna jin shesshekarsa. Ni kuwa sai na tashi na je ƙofar madafi na zauna a kan kujerar nan 'yar tsugunno, abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga kai na dubi inda teburin akwatin yake a da. Daga wurin, kafin idonka ya kai kan tebur, sai ya bi ta jikin ginshiƙin rumfa na hannun dama. A nan na sami amsar tambayar da na yi mata ranar da wake ya ƙone. Duk ɗaga kan nan da take yi jifa-jifa, wanda muke zaton allo take leƙe, ɗanta take dubawa ta tabbata yana nan, ta hanyar da ba wanda zai ce ta dube shi. Lalle abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Yanzu da na dawo jami'a neman digiri na biyu bayan shekaru ina koyarwa, nakan lura da yadda muke namu rabin kallon. Talabijin na yi, waya na hannu, littafi na buɗe a cinya, kowanne kuwa hankali sukutum yake nema. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Stanford ta Amurka a 2009 ya nuna cewa waɗanda suka fi sabawa da haɗa na'urori da yawa a lokaci guda su ne suka fi kasa tace abin da ke gabansu daga abin da ba shi da amfani. Ni shaida ce, domin sau nawa nake tashi daga gaban akwati ban san abin da aka nuna ba, ban kuma san abin da na karanta ba. Inna takan tashi da waken gobe a tsince, da hula ta ƙaru da kamu guda, da labarin wasa a kanta, da kuma sanin inda kowane ɗanta yake. Mu muna raba hankali tsakanin allo da allo, ita kuwa ta san abin da ta ba kunne, ta san abin da ta ajiye wa ido.

A gidana yau, in an zauna kallo da dare, faifai uku nake fitowa da su, ɗaya nawa, biyu na 'ya'yana maza. Da farko sun yi ƙorafi, yanzu har gasa suke yi wa zai riga gamawa. Wannan shi ne ɗan gyaran da na iya yi wa rabon aikin da na tarar. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, in an yi hutu kun koma gida, aka taru a gaban akwati, ina roƙonku ku waiwaya baya sau ɗaya. Ku ga wace ce zaune a can gefe, me ke hannunta, ina kuma idonta yake zuwa in ta ɗaga kai. In da hali ku karɓi rabin aikin, ku zauna kusa da ita, ku zama idonta in ta tambayi wa ya mari wa. Ni na yi wannan waiwaye ne a makare.

Allah ya ji ƙan iyayenmu da suka riga mu, ya saka wa waɗanda ke raye da alheri, mu kuma ya ba mu ikon gane su tun suna tare da mu, amin.